Muryar Abuya a Cikin Filiba

Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu na unguwar Madain Fahd a Jidda ya san filiba, don ita ce take fara tarbar baƙo kafin kujera. Ƙaton akwati ce mai ƙafa huɗu, tsawonta kamar gadon yaro, samanta gilashi. A ƙarƙashin gilashin akwai fili mai gangare cike da fitilu da robobi da 'yan ƙarafa. Za ka harba ƙwallon ƙarfe sama, ya yi ta gangarowa yana bugun wannan yana bugun wancan, kai kuma kana da maɓalli biyu a gefe, dama da hagu, masu ɗaga wasu 'yan hannuwa biyu su mayar da shi sama kafin ya faɗa rami. Wasan ke nan, halas. A can kanta akwai wani akwatin a tsaye, mai hoton jirgin ruwa da kyaftin ɗinsa mai gemu, wanda shekaru suka kodar da shi har gemun ya koma ruwan hoda.

Abuya, wato mahaifina, shi ne ya kawo ta. Tun kafin a haife ni yake aiki a wata salar wasanni, wato babban ɗakin injinan wasa, a unguwar Bani Malik, yana shara, yana buɗe injina idan kuɗin ƙarfe ya maƙale, yana raba yara faɗa. Da wasa ya koma cikin jawwal, wato wayar hannun kowa, sala ta mutu, kafilinsa, maigidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce ya zaɓi abu ɗaya ya tafi da shi gida. Akwai firij a wurin, akwai mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mai sanyi kamar me. Abuya ya zaɓi filiba. Har yau idan zafi ya matsa Umma takan kalle ta ta ce, to, a kunna mana kyaftin ya hura mana iska.

Ni kuma a gida da unguwa an san ni da yatsa. A wasan jawwal ba na wasa da kowa, 'ya'yan kawunnaina maza sun daina gayyatata tun da na fara kunyata su a gaban abokansu. Babban yatsana sauri gare shi marra, sosai-sosai, ya'ani kafin ido ya gani ya riga ya danna. Amma a kan filiba ban taɓa cin Abuya ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka uwata yake ce mini, kuma da wannan sunan mai girma yake tsokanata. Yakan ce yatsan uwata yana gudu, kan uwata yana barci.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, lokacin da nake faɗa maka ɗin nan, ciwon sukari ya riga ya cinye masa ido. Haske da inuwa kawai yake gani. Fuskata ma sai dai ya gane ta da murya. Amma kullum bayan la'asar zai tashi, ya bi bango da hannu, ya tsaya gaban filiba, ya ɗora tafukansa a gefenta, ya yi wasa da kunne. Kowane abu a filin nan da kukansa. Robar sama ta dama tana yin wani siririn fito, ta hagu tana yin kamar kwaɗo, ƙarafan tsakiya kowanne da tasa ƙarar, kuma idan ƙwallon ya biyo siririyar hanyar da take kawo shi kan hannu, akwai wani ɗan "tilin" da yake yi. Da ya ji tilin ɗin nan ya san saura ƙiris, sai ya danna. Yana jin gangarowar ƙwallon a tafin hannunsa ta jikin katako, sauran kuma kunne ne. Idan ya yi abin kirki kyaftin yakan yi magana da wata murya mai kauri kamar ta mai mura, da Turanci. Abuya bai taɓa sanin me yake cewa ba. Ya dai san lokacin da yake murna da lokacin da yake faɗa.

A shekarata ta biyu a ma'ahad, inda nake karatun gyaran kayan lantarki, filiba ta fara shaƙewa. Da farko kyaftin ne ya koma magana kamar daga cikin rijiya. Sai fiton ya riƙa yankewa. Wata rana aka kunna ta, fitilu suka kama tsaf, hannuwa suna ɗagawa, maki yana hawa, amma shiru. Abuya ya harba ƙwallo, ya tsaya yana saurare, ƙwallon ya gangaro ya wuce tsakanin hannuwan ya faɗa rami, shi bai ma danna ba. Ya sake gwadawa. Daga baya ya kashe ta, ya bi bango ya koma ɗaki.

Bai yi ƙorafi ba, Abuya ba mai ƙorafi ba ne. Kawai dai la'asar ta daina tashinsa. Zai yi salla ya koma kan gado ya kwanta yana fuskantar bango, rediyo a kunne amma na san ba ji yake ba. Umma ta fara ajiye ninkakkun kaya a kan gilashin filiba, tana cewa da ƙarfi, yadda zai ji, mai sayen tsoffin ƙarafa yana wucewa da motarsa, gara a ba shi a samu wurin shimfiɗa. Amma a kicin, da muka rage mu biyu, ta gaya mini abin da yake damunta. Ta ce mutumin nan ya daina neman shayin yamma, ya daina tsokanar kowa, kuma ita ta san mazan danginsa, idan suka fara kwanciyar rana irin wannan ba sa tashi da wuri. Ta ce duk karatun nan da nake yi, in dai ba na ɗaukar hoto da ƙawaye ba ne, to ga ranarsa.

Ana yin hutu na ɗauko akwatin kayan aikina. Na hau kujera na buɗe kan filiba, wato akwatin kyaftin, inda ƙwaƙwalwarta take. Abin da ya fara dukana ƙanshi ne. Wallahi kamar na buɗe akwatin amarya a Umdurman, can Sudan. Allunan da ya kamata su zama kore duk sun koma ruwan ƙasa, na taɓa da yatsa, ya maƙale kamar alewa.

Na sauko na tambayi Umma. Ko a jikinta. Ta ce tun ranar da aka shigo da abin nan yake warin sigari da gumin yaran sala, ita kuma ba za ta zauna da wannan wari a falonta ba. Don haka kowace Juma'a idan ta gama zagaya gida da kaskon turaren wuta, sai ta buɗe 'yar ƙofar gaba inda ake zuba kuɗi, ta sa kaskon a ciki, ta rufe, ta bar shi ya sha. Shekara da shekaru. Kuma wanda ya san turaren matan Sudan ya san abin da ke ciki: itacen sandal ne da aka soya da sukari da man turare. Hayaƙin yana bi ta wuyan filiba ya hau kai, ya kwanta a kan allunan, danshin Jidda kuma ya zo ya zauna a kansa.

Na ce mata Umma, ai turaren nan ne ya kashe mata murya. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta dube ni.

"Ni na turara kabad, na turara filo, na turara randa, na turara ubanki, ba wanda ya taɓa yin shiru. Sai ita 'yar gayu?"

Daga ɗaki muka ji wani ɗan sauti. Abuya ne yake dariya ƙasa-ƙasa. Na daɗe ban ji ta ba.

Bari in ɗan yi bayanin cikin filiba yadda na fahimce ta, don ni kaina sai a lokacin na gane. Alluna biyu ne manya. Babban shi yake kula da wasa, ya san me ƙwallo ya taɓa, ya ƙirga maki, ya kunna fitila. Amma shi bebe ne. Idan yana son a yi ƙara sai ya aika lamba ta wasu siraran wayoyi zuwa ƙaramin allo, allon sauti. Shi wannan yana da tasa 'yar ƙwaƙwalwar. Da ya karɓi lamba sai ya duba wane kuka ne nata, ya haɗa shi nan take da lissafi, ya mayar da lissafin wutar da take hawa tana sauka, lasifika kuma ta karkaɗa da ita. Ya'ani yawancin fiton nan da kukan kwaɗon ba ɗaukarsu aka yi aka ajiye ba, injin ne yake ƙirƙirarsu duk lokacin da aka nema. Muryar kyaftin ce kawai ta mutum, ita ma an matse ta sosai don wurin ajiyar wancan zamanin ɗan mitsitsi ne, shi ya sa take fita kamar mai mura. Na tsaya kan kujera ina kallon allon nan da bai kai faifan tuwo ba, ina tunanin jawwal ɗin da ke aljihuna ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma shi ne ya riƙe mini uba a tsaye duk shekarun nan.

Na wanke su da sibirto, ruwan nan na goge kayan lantarki, da tsohon buroshin haƙori. Babban allo ya fito tas, lafiyarsa lau. Na sauti ne matsalar. Akwai wata baƙar ayisi a tsakiyarsa, ita ce 'yar ƙwaƙwalwar tasa, doguwa mai ƙafafu da yawa kamar shanshani, ƙafafun duk sun yi kore sun ci. Ina ɗaga ta a hankali wasu suka zube kamar busasshen ganye. Kuma ba ƙafafun kaɗai ba, da na gwada ta na ga ta mutu murus.

Na ce wa Abuya ya shirya mu je Sharafiyya, wajen masu sayar da kayan lantarki. Ya ce me makaho zai je yi a can. Na ce ni ban san sunan injin ba, shi ya sani, alhali sunan yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta. Ya gane, amma ya sa jallabiyarsa. Mun shiga shago ya fi a ƙirga. A na ƙarshe wani saurayi ya juya ayisin a hannunsa ya ce wa Abuya ya amm, wato baba, wannan ai ta girme ni, masu yin ta ma sun rufe tun tuni. Sai hira ta ɓarke tsakaninsa da Abuya a kan injinan da, ashe shi ma a irin salar nan ya tashi. Abuya ya ce masa a zamaninsa yana can bayan sala yana wanke bokiti zai gaya maka wane inji ake bugawa da kuma ko yaron yana ci ko ana cinsa, don na faɗa kukansa daban, na tseren mota daban, na harbin jirage kuwa idan ranka ya kusa ƙarewa kiɗan yakan ƙara sauri har zuciyarka ta bi shi. Saurayin ya ce wallahi haka ne. Kafin mu fita ya nuna mini wani ɗan allo na zamani, bai fi akwatin ashana ba, wanda ake sa wa katin ajiya ya riƙa kunna duk sautin da aka zuba masa idan an ba shi umarni. Irinsa muka yi aiki da shi a ma'ahad. Na saya.

Dabarar a kaina mai sauƙi ce. Babban allo yana nan yana aika lambobinsa ba mai amsawa. Zan sa ɗan sabon ya riƙa sauraron wayoyin, kowace lamba da sautinta. Abin da ya rage shi ne sautukan. Na shiga intanet na samo bidiyon wasu mutane a wata ƙasa suna buga irin filibarmu, amma surutu suke yi a kai, ga kiɗa a baya. Na dai kunna wa Abuya. Ya saurara, ya ɓata fuska, ya ce wannan ba tasa ba ce, tasa ta fi kauri, wannan kamar ƙanwarta. Na ce Abuya ai duk kamfani ɗaya ne. Ya ce shi dai ya san tasa. Sai ya ce robar dama ba haka take yi ba, haka take yi, ya tattara leɓe ya yi wani fito da ya hau ya sauko ya karkaɗa a ƙarshe.

Sak. Na ce ya yi ta hagu. Ya yi kwaɗon. Na ce tilin fa. Ya buga harshe a ganɗa ya fitar da shi ta hanci. Na yi tsalle daga kan kujera ina cewa halas, halas, mun gama, Umma ta leƙo ta ɗauka kunama ce ta harbe ni.

Aikin ɗauka ya ci mana safiyoyi da yawa, kuma su ne mafi daɗin hutun nan. Na zare gilashin filiba. Abuya zai kama hannuna ya kai yatsana kan roba ko ƙarfe, in danna, lambar ta fito a fuskar kwamfutata, shi kuma ya gaya mini kukan wurin. Daga nan sai mu shiga ɗakin Umma, in buɗe kabad ɗin kayanta in zaunar da shi a bakinsa fuskarsa cikin tufafi don kada sautin ya yi amsa-kuwwa. Dole a kashe mukayyif saboda gurnaninsa. Mu yi ta gumi. In ce yalla Abuya, in danna, shi kuma dattijo mai furfura ya yi ta fito da kukan kwaɗo cikin atamfofin matarsa. Umma tana bakin ƙofa tana cewa da mutanen masallaci za su gan shi da sun canza masa sahu. Wani lokacin sai ya ce a sake, bai yi daidai ba, karkaɗar ƙarshen ta yi gajarta. Da muka zo kan kyaftin na ce ya faɗi duk abin da yake ganin mutumin yana nufi. Ya yi tunani, ya kumbura murya ya ce madalla, ƙaro wani. Na faɗan kuma ya ce kai, kai, kai, ina hankalinka. Saura guda, wanda ake yi idan wasa ya ƙare gaba ɗaya. Abuya ya ce wannan na Umma ne, ita ta iya kashe wa mutum wasa. Ta yi ta ƙi, daga baya ta sunkuya kan jawwal ɗin ta faɗi abin da take faɗa kullum: halas, a zo a ci abinci.

Ranar gwaji na haɗa komai, na mayar da gilashi, na kunna. Na harba ƙwallo da kaina. Filiba ta buɗe baki da muryar ubana. Fito, kwaɗo, fito, madalla ƙaro wani. Umma ta yi dariya har ta dafa bango. Ni kuwa na rikice, na ɗauki bidiyo na tura wa ƙawayena na ma'ahad, yatsana yana gudu a kan jawwal, ina rubuta musu ku zo ku ga injiniya, ku zo ku gaida ni. Na ja Abuya na tsayar da shi a gabanta, na ɗora masa hannuwa a gefe.

Ya harba. Ƙwallon ya zagaya, ya biyo hanya, tilin, ya danna, amma ƙwallon ya riga ya wuce. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Kyaftin yana ta cewa ina hankalinka, da muryarsa, a kansa. Dariyar Umma ta tsaya. Da muryarta ta fito daga lasifika tana kiran abinci ba wanda ya yi murmushi. Abuya ya sauke hannuwansa ya shafa gefen katakon.

"Kin yi ƙoƙari, uwata. Ina jin hannun ne ya tsufa."

Ya bi bango ya koma ɗaki.

Na daɗe a tsaye. Ƙawayena suna ta aiko da tafi da wuta a jawwal, na kife shi. Na harba ƙwallo ni kaɗai, wannan karon na rufe ido, ina jiran tilin kamar yadda yake yi. Na danna, ban samu komai ba. Na buɗe ido na sake, ina kallo ina saurare, sai yatsana ya gaya mini abin da kaina bai kama ba. Duk mai buga wasan jawwal ya san wannan ciwon, lokacin da intanet ya yi nauyi, ka danna yanzu abin ya faru an jima. Ƙwallon yana taɓa wurin, sai an ɗan yi jim sannan sautin ya zo. Ɗan kaɗan ne, mai ido ba zai damu ba. Amma ga wanda kunne ne idonsa, ana nuna masa inda ƙwallon yake ɗazu ne.

Na zargi ɗan allon, na auna shi, yana amsawa nan take. Na zargi wayoyin, lafiyarsu ƙalau. Sai na buɗe sautukan a kwamfuta, inda ake ganinsu kamar zanen tsaunuka. Kowane ɗaya, kafin babban tsaunin, akwai wani ɗan siririn zare mai 'yar karkarwa. Da na ɗauka shiru ne. Na sa abin kunne, na ƙure ƙara.

Numfashi ne, sannan raɗa. Bismillah.

Na buɗe na gaba, bismillah, sannan kwaɗo. Na gaba, bismillah, sannan tilin. Duk cikinsu ba wanda babu. Abuya ba ya ɗaga kofi, ba ya sa takalmi, ba ya taka bakin ƙofar mota sai ya faɗa a ƙasan leɓensa, har mun daina ji. Duk lokacin da na ce yalla na danna, sai ya yi abinsa tukuna. Filiba kuma tana biye da shi, tana yin bismillar a hankali yadda ƙarar ƙwallo take danne ta, sannan ta yi kukan.

Na ruga ɗaki da kwamfutar, na sa masa abin kunnen. Ya saurara. Na ga bakinsa yana motsi. Na ce masa hannunsa ba abin da ya same shi, filiba ce take tsayawa ta yi bismillah kafin ta gaya masa inda ƙwallo yake. Na ce gyaran ba wuya, zan yanke farkon kowanne. Sai ya tashi zaune.

"A yanke bismillah? Da almakashi?"

Na ce ba almakashi ba ne, a kwamfuta ne. Ya ce duk ɗaya, shi ba zai sa a bi sunan Allah ana datsewa don wasan ƙwallo ba, gara filibar ta zauna haka. Na ce to mu sake ɗauka ba tare da ita ba. Ya ce bakinsa ba zai yarda ba, kuma gaskiya ya faɗa, mun gwada a wurin, ina cewa yalla leɓensa ya riga ya motsa. Umma ce ta shigo da tiren shayi, ashe duk tana ji. Ta ajiye, ta ce masa shi da yake cin abinci a gabanta shekara da shekaru, a farkon kwano yake bismillah ko a kowace loma? Ta ce a ɗauke su duka a mayar da guda ɗaya inda ya dace, wurin farawa, a faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji, maimakon a ɓoye ta ƙarƙashin kukan kwaɗo inda ba mai jin ta. Abuya ya juya kofi a hannunsa. Sannan ya ce wadda ta shaƙe filiba da hayaƙi yau ita ce muftin filiba. Umma ta ce sha shayinka.

Ya sha. Muka koma bakin kabad, ya gyara zama, ya faɗe ta guda ɗaya, cikakkiya, a fili. Na ɗora ta a kan lambar da babban allo yake aikawa idan sabon ƙwallo ya fito bakin harbi. Sauran kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya na matsar da farkonsu daidai bakin tsaunin, yadda ko numfashi babu.

Washegari bayan la'asar ban kira shi ba. Ina falo ina danne-dannena na ji tafin hannu yana bin bango. Ya kwashe ninkakkun kayan Umma da kansa ya ɗora a kujera, ya kunna. Filiba ta yi bismillah da muryarsa, shi ma ya yi tasa a ƙasan leɓe, ya harba. Fito, kwaɗo, kwaɗo, tilin, sai na ji tas, hannun dama ya kama ƙwallon ya watsa shi sama. Na ajiye jawwal. Tilin, tas. Madalla, ƙaro wani. Kafaɗunsa suka fara wannan 'yar rawar da suke yi, yana ɗan tura akwatin da ƙugu. Wasan ya yi tsawo har shayin da Umma ta kawo ya huce, tana tsaye da tiren. Da muryarta ta fito daga lasifika tana kiran abinci, ya juya wajen da yake jin numfashinta ya ce ai ko cikin inji ba ta barin mutum ya sarara.

Sannan ya matsa gefe ya ce uwata ta zo ta gwada, a ga ko karatu ya tashi kan daga barci. Na buga iya bugawata, da idona biyu da yatsana mai suna a unguwa. Ban kai rabin makinsa ba. Kyaftin ya tambaye ni ina hankalina, da muryar ubana, ubana kuma yana gefe yana taya shi.

Filibar tana nan har yanzu. Baƙi idan suka ji ta sukan leƙa bayanta su ga ko mutum ne a ɓoye. 'Yar ƙofar gaban kuwa na sa mata kwaɗo, mabuɗin yana jakata, ina tafiya da shi ma'ahad. Ranar Juma'a Umma takan zo da kaskonta ta tsaya a gaban filiba, ta ja ƙofar ta ji ta a kulle, ta yi tsaki. Sai ta zagaya ta daga nesa sau ɗaya, ta wuce wajen Abuya ta ce ya ɗaga jallabiya, ta tura masa kaskon a ƙasa ya sha rabon su biyu.